Mutum Huɗu a Ɗaki Ɗaya: Abin da Sabon Kundin Mdou Moctar Ke Tuna Mana

Ranar 28 ga Fabrairun 2025 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da wani kundin waƙoƙi mai suna Tears of Injustice, wato hawayen zalunci, na ƙungiyar makaɗan jita ta Mdou Moctar daga Jamhuriyar Nijar. Babu sabuwar waƙa ko ɗaya a cikinsa. Waƙoƙin kundin da ya gabace shi ne, mai suna Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, wanda ya fito ranar 3 ga Mayun 2024, aka sake kaɗa kusan dukkansu da jita marar lantarki da gangunan hannu. A kundin farko jita ruri take yi kamar ana tsawa a tsakiyar damina. A na biyu kuwa sai ka ce wasu matafiya ne suka yada zango da dare suna yi wa junansu ta'aziyya. Baitocin ba su sauya ba, makaɗan ma su ne dai, amma wanda ya saurari kundin biyu a jere zai rantse labari biyu aka ba shi.

Dalilin samuwar kundin na biyu abu ne da mu mutanen Maigatari muka ɗanɗana a jikinmu. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum Mohamed a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ta. Kasuwarmu ta ranar Alhamis, wadda shanu da raƙuma da tumaki ke kwararo mata daga ƙasar Damagaram, hatsi da kayan masarufi kuma ke bi ta cikinta su yi arewa, ta koma kamar gidan da aka yi rasuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗe iyakar. A daidai lokacin da abin ya faru, Mdou Moctar da abokan kiɗansa suna yawon wasa a Amurka, uku daga cikin su huɗun 'yan Nijar ne, kuma hanyar komawa gida ta toshe. Masoyansu ne suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu. Suna cikin wannan zaman jira suka shiga wani situdiyo a unguwar Buruklin ta birnin Niyu Yok, suka zauna a ɗaki ɗaya suna kallon juna, cikin kwana biyu suka ɗauki jigon aikin. Ƙulli ɗaya ne ya tsare dillalin shanu a Maigatari da makaɗin jita a bayan teku.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwana biyun nan. Ba kowa ne zai ɗauki waƙoƙin da ya gama tsarawa, ya kwance su, ya sake ɗinka su da wani zare daban cikin kwana biyu ba. Sai mutanen da suka shekara da shekaru suna kiɗa tare, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi. Wannan shi ake kira ƙungiya, kuma shi ne abin da waƙar Hausa ta zamani a wannan ɓangare na iyaka ta kusa rabuwa da shi ba tare da an yi mata jaje ba.

Kafin in kai ga wannan, ya kamata in yi wa mai karatu bayanin wani reshe na kiɗan rok da ya ɗauki batun ƙungiya da kundi da muhimmanci fiye da kowane. Masu shi suna yi masa laƙabi da mai ci gaba. Ni a Hausance na fi ganin ya dace a kira shi rok mai dogon zango. A Ingila ya tsiro, a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da wasu samari suka gaji da waƙar minti uku da ake yi don rediyo da rawa. Babban faifan garmaho na wancan zamani yana ɗaukar kimanin minti 20 a kowace fuska, sai suka ce me zai hana a cika fuska guda da waƙa ɗaya? Ƙungiyar King Crimson ta fitar da In the Court of the Crimson King a 1969, wanda da yawa ke ɗauka shi ne mafari. A 1972 ƙungiyar Yes ta fitar da Close to the Edge, waƙar da ke ɗauke da sunan kundin ta haura minti 18. A shekarar nan kuma Jethro Tull suka yi Thick as a Brick, waƙa ɗaya tal da ta cinye fuskokin faifan biyu, sama da minti 40. A 1973 Pink Floyd suka fitar da The Dark Side of the Moon, inda kowace waƙa ke miƙa wa ta gaba hannu, duka suna zagaye batun lokaci da kuɗi da hauka da mutuwa.

Alamomin wannan salo uku ne. Na farko tsawo, tare da sauye-sauye a cikin waƙa ɗaya: a fara a hankali, a hau, a sauka, a koma wani kari. Na biyu wasa da ƙirgen bugu. Yawancin waƙoƙin rediyo bugu huɗu-huɗu suke tafiya, amma waƙar Money ta Pink Floyd bakwai-bakwai take tafiya, shi ya sa mai rawa ke jin kamar an janye masa tabarma. Na uku, kundi gaba ɗayansa shi ne aikin, kamar littafi mai babi-babi, wanda ya tsinci babi guda ya tafi bai karanta littafin ba. Kuma duk ukun ba sa yiwuwa sai da makaɗan da suka ƙware, suka saba da juna.

Masu sharhi a Turai da Amurka ba su cika sa Mdou Moctar a wannan layi kai tsaye ba. Sun fi jingina shi ga zuriyar Jimi Hendrix da Eddie Van Halen, gwanayen jita. Akwai kuma bambanci na asali. Turawan Ingila daga kiɗan gargajiyarsu na manyan zauruka suka aro tsari, suna shirya komai dalla-dalla kafin su kaɗa. Kiɗan Mdou daga filin biki ya taso, daga maimaici da tafi da amshi, irin wanda ake kwana ana yi a bukukuwan aure na Agadas. Duk da haka, a yankinmu babu wanda ya fi shi kusa da waɗannan alamomi uku. Waƙar Afrique Victime, wadda ta ba kundinsa na 2021 suna, ta haura minti bakwai. Tana farawa da tafiyar raƙumi, ganga na ƙara sauri kaɗan-kaɗan ba tare da ka lura ba, har sai ka iske kanka cikin sukuwa, jita na kuka kamar ana tsaga ƙarfe. Na'ura ba ta yin irin wannan hawa da kanta. Mai ganga ne ke jin mai jita ya ɗauki zafi, ya bi shi.

Tarihin mutumin yana da mahaɗa da mu da mutane da yawa ba su sani ba. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne, irin waɗanda muke kira Buzaye, daga jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne da ba a maraba da kiɗa, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayoyin birkin keke. Bahago ne. Kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a situdiyo irin namu, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya wadda waƙoƙin finafinan Hausa suka shahara da ita. Ba a buga kundin a kasuwa yadda aka saba ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta memori da Bluetooth, har ya kai Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta a wani kundin haɗaka mai suna Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan ya bazama neman mai ita.

Wato a 2008 Mdou Moctar a layinmu yake tsaye, da kayan aikinmu yake aiki. Daga nan hanya ta rabu. Shi ya koma ga mutane. Ya haɗa ƙungiya da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu wadda ke riƙe kari, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke mai jitar nan mai kaurin murya, wanda kuma shi ne ke tsara ɗaukar sauti, kuma yakan yi tafiyar jirgi da ta mota ta fiye da kwana guda don ya isa Agadas a yi atisaye. A 2019 suka fitar da Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a birnin Detroit, kundinsu na farko na situdiyo da cikakkiyar ƙungiya. Daga nan sai Afrique Victime, sai tagwayen nan biyu.

Mu kuwa muka ƙara nutsewa cikin akwati. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin finafinai irin su Sangaya suka mamaye kasuwa, fiyano ƙirar Yamaha ta zama uwa ta zama uba. A cikinta akwai muryar kalangu da ta sarewa da ta algaita, duk an adana su, yatsa ɗaya ya isa ya tashe su. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin. Yau mawaƙi yakan shiga situdiyo shi kaɗai, ya iske mai haɗa kiɗa shi kaɗai, kafin la'asar an gama. Ranar biki kuma a kunna waƙar a lasifika, mawaƙin ya riƙe makirufo yana bin bakin kansa. Muna da mawaƙa masu baiwar kalma, wannan ba abin musu ba ne. Aminu Ala gwanin tsara baiti ne, Nura M. Inuwa ya saba da fitar da kundi-kundi da masoyansa ke jira, Jaruma ta Hamisu Breaker ta girgiza gidaje a 2020. Amma tambayi matashi sunan makaɗin jita ko na ganga guda ɗaya da ke bayan waƙar da yake so, da wuya ya ba ka amsa, domin sau da yawa babu kowa a wurin.

Abin takaicin shi ne mu ne muka fi kowa sanin ƙungiya. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. A bayansa akwai masu kalangu da 'yan amshi da sanƙira, mutanen da suka yi shekaru masu yawa suna binsa gari-gari. Kalangu ganga ce mai magana, makaɗi na matse tsarkiyarta a hammata don muryarta ta hau ko ta sauka daidai da karin harshen Hausa, saboda haka tilas kunnensa ya kasance a bakin mawaƙi kowane lokaci. Shi ya sa Bakandamiyar Shata ba ta da siga ɗaya. Duk lokacin da ya rera ta sai ta zo da wani tsawo da wasu baitoci, makaɗansa kuma ba sa ɓata. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da 'ya'yansa da danginsa yake kiɗan kotso, suna karɓeɓeniya, wannan ya ɗauko ɗan waƙa wancan ya ƙarasa. Waƙar Shago ta Ɗan Anace doguwar tafiya ce mai hawa da sauka. A nan jiharmu ta Jigawa, Haruna Uji na Haɗeja ya nuna abin da gurmi mai tsarkiya biyu zai iya faɗa. Tsawo, sauyin kari, jigo ɗaya da ake bi har ƙarshe: duk abin da samarin Ingila suka yi ta fafutukar ƙirƙira a 1969, kakanninmu suna yin irinsa a ƙofar fada da filin dambe.

A ƙetaren iyaka wannan igiya ba ta tsinke ba, ta dai sauya kaya. Mai shakka ya nemi ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Hamadal Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa, mutumin da ya haɗa aikin shari'a a kotu da kaɗa jita. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Abzinawa. Kamfanin FatCat na Ingila ya fitar musu da Kaani a 2013, da Zoy Zoy a 2015, da Tantabara a 2018. In ana maganar wasa da ƙirgen bugu, su ne ma suka fi kusa da rok mai dogon zango: ana cikin tafiya sai su karya kari su shiga wani, jita biyu na saƙa kamar masaƙa biyu a kan zane ɗaya, har da kalangu a tsakiya. Sirrinsu ba ɓoyayye ba ne. An san su da yin wasa dare da dama a kowane mako, sa'o'i a jere, a gaban mutanen Yamai. Kafin su akwai Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda kasetocinsa suka cika motocin haya a ƙasar Hausa. Nijar kuma tana da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai da gasar Ɗan Gurmu, wuraren da matashi zai je ya koyi riƙe kayan kiɗa ba tare da an ce ya lalace ba.

Ƙungiya ba sauti kaɗai take bayarwa ba, tana ba mawaƙi ƙarfin ɗaukar magana mai nauyi ya kai ta nesa. Funeral for Justice kimanin minti 40 ne, kuma daga farko har ƙarshe magana ɗaya yake yi: wa ya ci amanar mutanen Sahel? An ɗauke shi kafin juyin mulki, don haka ba yabon soja ba ne. Waƙar da ta ba kundin suna da shugabannin Afirka take magana. Oh France tana tuhumar tsohuwar uwargijiya, kuma duk wanda ya san cewa tun daga farkon shekarun 1970 kamfanonin Faransa suka shafe shekaru masu yawa suna haƙar yuraniyom a Arlit, alhali mafi yawan 'yan Nijar ba su da lantarki a gidajensu, ya san inda aka dosa. Imouhar kira ce ga Abzinawa da kada su bari harshensu na Tamashek ya mutu a bakin 'ya'yansu. Wannan waƙa ta cancanci Bahaushe ya tsaya a kanta. A 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, muka yi murna, kuma murnar tana da dalili. Amma a Agadas ma Hausa ce harshen kasuwa. Mun saba kallon kanmu a matsayin waɗanda Turanci ke dannewa, ba mu cika tuna cewa a wurin wasu maƙwabta mu ne babbar bishiyar da ƙananan tsirrai ke neman rana a ƙarƙashinta ba.

Wata Alhamis na bi rumfunan masu tura waƙoƙi a waya a kasuwarmu ina tambayar Mdou Moctar. Rumfa uku na shiga, ba wanda ya san sunan. A ta huɗu wani yaro ya ce, "Yaya, ko kiɗan Buzaye kake nufi?" Ya buɗe mini wata jaka a kwamfutarsa mai ɗauke da waƙoƙin jita masu yawa, babu sunan mawaƙi, babu sunan kundi, babu jeri. Ya ce masu raƙuma ne ke saye. Daga rumfar nan zuwa ƙasar Nijar tafiyar ƙafa ce, amma ni labarin kundin daga jaridun Amurka ya iso mini. Haka abin yake: sautin yana ƙetaro iyaka a aljihun fatake, sunan mai shi da tsarin aikinsa kuwa sai sun zaga ta Niyu Yok.

Akwai hujjoji a ɗaya ɓangaren, kuma masu ƙarfi ne. Fiyano da kwamfuta sun buɗe ƙofa ga dubban matasa da ba su gaji kiɗa ba, a al'ummar da ta daɗe tana kallon makaɗi a matsayin maroƙi, wanda ake jin daɗin waƙarsa amma a hana shi aure. Sun ba mata dama su yi waƙa cikin sutura a situdiyo. Sun kuma sauƙaƙa kuɗi: ciyar da mutum biyar da sayen kayansu da jigilarsu ba daidai yake da biyan mutum ɗaya ba, balle a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo. Haka nan gaskiya ne cewa kasuwar Turai da Amurka ce ke ɗauke da Mdou Moctar, kuma tana da nata son rai, tana ƙaunar rawani da hamada da labarin tawaye. Sai dai Tal National sun yi shekaru suna cika wuraren wasa a Yamai, suna sayar da faya-fayansu a bakin titi, kafin wani Bature ya san da su. Shi kansa Mdou bai daina kiɗan biki a gida ba, kuma an san shi da haƙa rijiyoyi a ƙauyukan yankinsu da abin da yake samu. Tushen a gida yake, kasuwar waje daga baya ta zo.

Abin da ake bukata a wajenmu bai fi ƙarfinmu ba. Masu kalangu da gurmi da kukuma da kotso suna nan da ransu a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, suna fitowa ranar hawan salla da kamun amarya da wasan dambe, sai dai yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun kama acaba. Mawaƙin zamani guda ɗaya mai suna, in ya ɗauki huɗu daga cikinsu ya haɗa da mai jita, ya biya su albashi na shekara guda, suka yi ta atisaye, sannan suka shiga ɗaki ɗaya aka ɗauki kundi mai jigo ɗaya, ya kuma rubuta sunan kowa a jikinsa, zai yi abin da aka daɗe ba a yi ba. Masu aurar da 'ya'ya, waɗanda ke kashe maƙudan kuɗi a kan ado da zaure, suna iya cewa kiɗa na hannu suke so. Gidajen rediyonmu suna iya ware rabin sa'a a mako ga waƙa ɗaya doguwa ba tare da an datse ta da talla ba.

Mai karatu kuma yana da nasa rabon, kuma shi ne mafi sauƙi. Ka nemi Funeral for Justice ka saurare shi daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, kada ka tsallake waƙa. Washegari ka saurari Tears of Injustice haka nan. Ba sai ka ji Tamashek ba. Ka sa kunne ga jita ta biyu, wadda ba ta neman a yaba mata, da yadda mai ganga ke jira kafin ya shigo. In ka gama, ka ɗauko tsohon kaset na Shata ko Ɗanƙwairo, wannan karon ka bar bin baitocin, ka bi mutanen da ke bayansa.